Jagorar Mai Tuƙa Kansa Zuwa Gwanja ta Mashigin Yeji

Hanyoyi biyu ne ke fita daga Kumasi su nufi Tamale a arewacin Gana, kuma duk direban da ka tambaya a tasha, in dai mai neman abin kai wa bakin salati ne, zai nuna maka ta Techiman da Kintampo, wadda ke da kwalta tun daga farkonta har ƙarshe, ga gada a Buipe ga wata a Yapei, ta yadda mutum zai yi asuba a ƙasar Ashanti ya yi la'asar a ƙasar Dagwamba tayarsa ba ta taɓa ruwa ba. Ɗayar kuwa, wadda ita ce tsohuwa, ita ce kuma abin nufinmu a nan, takan bi ta Mampong da Ejura da Atebubu har ta dangana da Yeji, inda tudu ke ƙarewa a bakin Tafkin Volta, sai an ɗora mota a kan jirgin fito an ƙetare da ita zuwa Makango, sa'an nan a kama hanyar Salaga. Wannan jagora ta mai hutu ce, wanda ya ɗebo iyalinsa a motarsa ta kansa, ba ya kai kaya kasuwa, babu kuma mai jiransa da agogo a hannu.

Dalilin da zai sa Bahaushe ya bar shimfiɗaɗɗiyar hanya ya zaɓi mai wahala ba ɓoyayye ba ne ga wanda ya san labarin magabata. Tun cikin ƙarni na 18, balle a na 19, ayarin fatake, Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, sukan taso daga Kano da Katsina da Sakkwato da jakuna ɗauke da kanwa da tufafi da jemammun fatu, su ƙetare Kwara, su ratsa ƙasar Bargu ta Nikki da Zugu, su shafe watanni a ƙarƙashin umarnin madugu kafin su yada zango a Salaga, babbar kasuwar ƙasar Gwanja. Goron da suke zuwa nema kuwa, ta wannan hanya da za mu bi yake hawowa daga kurmin Ashanti a kan 'yan dako, a fitar da shi kogi a Yeji. Bayan da Ingilishi suka ƙone Kumasi a 1874 cinikin ya fara karkata ga wasu kasuwanni, yaƙin basasar da ya tashi a kan sarautar Kpembe a 1892 kuma ya watsa mazaunan Salaga, suka bazu zuwa Kete-Krachi da Yeji da Kintampo da Kumasi, suka raya zangunan da har yau ake jin Hausa a cikinsu. Saboda haka wanda ya bi hanyar nan, sawun goro yake bi daga inda ake tsinkarsa zuwa inda ake ɗaure huhunsa, kuma ni a wurina wannan fa'ida ta isa ta biya gargadar hanya.

Amma mashigin da fatake suka sani ba shi ne na yau ba. A da kogi ne da ake ganin wancan gaɓa, a kira mai fito da murya ya ji. Da aka gina madatsar Akosombo tsakanin 1961 da 1965, ruwa ya taru ya zama tafki mai faɗin murabba'in kilomita kusan 8,500, ya ci ƙauyuka ɗaruruwa, aka tayar da mutane kimanin 80,000, tsohon garin Yeji ma ya nutse, aka kafa sabo a kan tudu. Yanzu ƙetarewar takan ci sa'a guda ko ta ɗara, jirgin da ke ɗaukar motoci kuwa na kamfanin Volta Lake Transport Company ne, kuma galibi sawu ɗaya ko biyu yake yi a yini. Daga wannan ne ƙa'idar tafiyar gaba ɗaya ta fito, wadda in mai karatu ya riƙe ta, sauran bayanin duk sharhi ne: mai tuƙa kansa yakan ɗauka cewa lokaci a hannunsa yake, ya tashi sa'ad da ya so ya tsaya inda ya ga dama, alhali kuwa a wannan hanya jirgi ne madugu, kuma wajibi ne a fara sanin sa'ar tashinsa, sa'an nan a lissafa komai daga nan a yi baya, wurin kwana da lokacin shan mai da lokacin tayar da yara daga barci. Lokutan tashin sukan canja, jirgi kuma inji ne, yakan kwanta gyara kwana da kwanaki. Don haka tun kana Kumasi ka je tashar motocin Yeji ka tambayi direbobin da suka iso a ranar ko jirgi yana aiki da kuma ƙarfe nawa yake tashi, ka sake tambaya a Atebubu, domin labarin jiya ba hujja ba ne a kan yau. In aka ce ya kwanta, sai ka juya akalarka ta Techiman ka shiga Salaga ta arewa, babu abin kunya a ciki.

Mafificin lokaci shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sa'ad da damina ta ɗauke, hanyoyin ƙasa sun bushe, tafki kuma yana cike, ko da yake hazon hunturu yakan rufe wancan gaɓa da safe har ya jinkirta tashi. Watannin bazara da farkon damina, daga Maris zuwa Mayu, su ne na hadari mai tasowa farat ɗaya da iska mai ƙarfi, kuma a kan buɗaɗɗen ruwa irin wannan iska ba abin wasa ba ce. A kuma kula da ranakun kasuwar Yeji da kakar doya, lokacin da manyan motoci ke cika jirgi tun kafin ƙananan su sami gurbi, haka nan da lokacin Maulidin garin Prang da ke kan wannan hanya, wanda jama'ar Shehu Abdullahi Maikano ke taruwa dominsa daga ko'ina. Wanda ya zo ziyara wannan ne lokacinsa, wanda ya zo wucewa kuwa gara ya gabata ko ya jinkirta.

Wanda ke zaune a Gana ba ya bukatar komai bayan lasin tuƙi da inshora da shaidar lafiyar mota. Wanda zai taso daga Nijeriya kuwa, ya bi ta Legas da Seme da Kwatano da Lome ya shiga Gana ta Aflao, ya wuce Akra ya hau Kumasi, tafiyar da ba ta kasa kwana uku daga Kano ga mai tausayin jikinsa da iyalinsa, shi lalle ya tanadi fasfo ga kowane rai da ke cikin motar har jariri, da katin rigakafin shawara, da lasin tuƙi na ƙasa da ƙasa, da takardun mallakar mota na asali, da inshorar ECOWAS da ake kira Brown Card, wadda aka kafa tun 1982 domin ta biya diyyar wanda ka yi wa ɓarna a ƙasar da ba taka ba. A kowace iyaka 'yan kwastan za su ba ka takardar izinin shigar da mota na ɗan lokaci, ita ce ran motarka a ƙasar mutane, kada ta rabu da jikinka. In sunan da ke takardun ba naka ba ne, ko da na mahaifinka ne, ka zo da wasiƙar izini mai sa hannunsa, domin jami'in kan iyaka bai san zumuncinku ba, abin da ke rubuce ya sani. Tuƙi dai a hannun dama ake yi a dukan ƙasashen nan, tun da Nijeriya ta juya a 1972 Gana ta biyo baya a 1974, amma agogo ya bambanta: Togo da Gana suna bayan Nijeriya da Nijar da sa'a guda, kuma wanda ya manta ya gyara nasa zai iso bakin ruwa da lissafin da ba na mutanen wurin ba.

Game da mota, ba sai mai tsada ba, sai dai mai tudu, wadda cikinta ya ɗaga daga ƙasa, domin abokan gabanta biyu a wannan tafiya su ne ramukan hanya da bakin gangaren jirgi, dukansu kuwa salansa da bamba suke nema. Mako guda kafin tashi a kai ta wurin bakanike amintacce, ya duba birki da kuloci da fanbel da lagireto, ya juye baƙin mai, amma abubuwa uku nake so mai mota ya tsaya a kansu da idonsa: birkin hannu, da batir, da safaya. Mutane da yawa sukan yi shekara ba su ja birkin hannu ba, sun saba da barin mota a giya a ƙofar gida, ba su san wayarsa ta saki ba sai ranar da daɓen da motar ke kai ya fara lilo. Batirin da ke tashi da turi kuwa, a gida abin dariya ne, amma a cikin jirgi, da motoci ashirin a bayanka kowa yana danna oda, babu filin turi kuma babu mai yi maka uzuri. A ɗauki jak da sifana da famfon taya da igiyar ja da wayar haɗa batir da tocila, da katakon weji guda biyu, da tukunyar kashe gobara da alamar tsayawa mai kusurwa uku da akwatin magani, waɗanda 'yan sandan Gana kan tambaya a shingayensu. Kuɗi kuma a canja su zuwa sidi tun a Akra ko Kumasi, a nemi ƙananan takardu, domin mai sayar da tikiti da mai faci da mai kifi babu wanda ke da canjin babbar takarda da sassafe.

Daga Kumasi zuwa Yeji ya haura kilomita 200, kuma ko da yake mai gaggawa zai iya cinye shi kafin azahar, shawarata a ba shi yini guda cikakke. A fita bayan karin kumallo da koko da ƙosai, waɗanda matan zango suka sa Gana duka ta saba da su, a tsaya Ahwiaa a ga masassaƙa, a tsaya Ntonso a ga masu buga zanen adinkira da tambarin ƙwarya, duka biyun a bakin hanya suke. Kafin Mampong akwai hawan dutse mai lanƙwasa da yawa, inda ya kamata a sauko da giya a bar wuce babbar mota sai an ga gaba sarai. Daga nan kurmi yakan fara sakin hanya a hankali, itatuwa su gajarta, sama ta buɗe, har a iso Ejura a tarar da gonakin masara da doya da masallatai da mutane cikin manyan riguna, Bahaushe ya ji kamar an matso masa da gida. A Atebubu a cika tanki ko da bai yi rabi ba, a kuma sayi ruwan sha mai yawa. Sharaɗi guda da ba na sassautawa a kansa shi ne kada magariba ta riske ku a hanya tsakanin Ejura da Yeji, domin ban da ramuka da shanu da motocin da ke lalacewa ba fitila, an sha samun labarin 'yan fashi da dare a wannan yanki, musamman a dararen kasuwa.

A Yeji za a kwana, kuma masaukan garin na talakawa ne, ɗaki da fanka da gidan sauro in an yi dace, saboda haka kowa ya zo da nasa gidan sauron. Kafin a sauke kaya, mai gida ya taka zuwa bakin ruwa da sauran hasken rana, ya ga ofishin tikiti da inda layi ke farawa da yanayin gangaren, ya gaisa da ma'aikata ya ji daga bakinsu ƙarfe nawa za a fara lodi. Sa'an nan ya yi magariba a masallacin zango, ya gai da liman da dattawa kamar yadda baƙo mai ladabi ke yi, domin su ne za su gaya masa abin da ba a rubuta a allo ba. Zai ji Hausarsu ta ɗan saɓa da ta Kano, ba su cika rarrabe namiji da mace a magana ba, to kada ya ɗauki kansa malamin nahawu a gidan mutane. Hausar da ta yi shekara ɗari da ɗoriya a tsakanin Gwanjawa da Ashanti ba ta mutu ba, ta cancanci girmamawa, ba gyara ba.

Da asuba a kai mota layi, ko da an ce sai hantsi za a tashi, domin zuwa da wuri ya fi zuwa da wuri-wuri. Kuɗin fito ya danganta da girman mota, fasinjoji kuma kowa da nasa tikitin, a biya a tagar ofis a karɓi rasit, a yi wa 'yan kamashon da ke alkawarin gurbi godiya a sallame su. A sani kuma cewa wanda ya riga zuwa ba lalle ne ya riga shiga ba, domin ma'aikatan jirgi nauyi suke rabawa, su sa tirelar doya a nan su sa ta shanu a can don kada jirgi ya karkata, sa'an nan su cike guraben da ƙananan motoci. Wanda bai fahimci wannan hikima ba yakan ɗauka an zalunce shi ya tayar da jijiyar wuya, alhali maslaharsa ake kiyayewa.

Hawa jirgin shi ne wurin da ya fi bukatar natsuwa, kuma a nan zan tsawaita. Da farko kowa ya sauka daga motar ban da direba, uwargida ta riƙe hannun yara su shiga da ƙafa ta gefen da aka nuna musu, ɗauke da ruwa da abinci da duk abin da za su nema a hanya, domin in an gama jera motoci sau da yawa ƙofa ba ta buɗuwa ko tafin hannu. Direba ya sauke gilashinsa ƙasa duka, ya kwance bel, ya kashe rediyo, ya ajiye waya; hikimar sauke gilashi da kwance bel ita ce, in Allah ya kiyaye mota ta zame cikin ruwa, mafita tana buɗe, ban da cewa ta haka ne zai ji muryar mai ba shi hannu. Ya zaɓi mutum guda daga ma'aikatan jirgi ya bi ishararsa shi kaɗai, domin a bakin ruwa kowa gwani ne, mai tallan burodi ma zai ce maka karya hagu. Kada ya matsa sai motar da ke gabansa ta gama hawa ta daidaita a kan daɓe, musamman in babba ce mai lodi, domin irin waɗannan sukan kasa a tsakiyar gangare su dawo da baya, kuma yaron mota da wejinsa ba kullum yake riga taya ba.

In layi ya zo kansa, ya sa giya ta ɗaya, ko mafi ƙanƙanta in motar mai canja giya da kanta ce, ya taho a hankali da totur daidai wa daida, ba tare da tsayawa a tsakiya ko canja giya ba. Tsayin ruwan tafkin yana hawa yana sauka da shekara, don haka inda ƙofar jirgi ke sauka ba kullum yake daidai da gaɓa ba: wani lokaci akwai tudu a mahaɗar, wani lokaci taɓo, wani lokaci sai tayoyi sun ɗan taka ruwa. In akwai tudu, a hau shi a karkace, taya ɗaya ta riga 'yar'uwarta, don kada cikin motar ya daki ƙarfe. In taya ta fara juyawa a banza a kan jiƙaƙƙen ƙarfe, kada a ƙara wuta, a sassauta a koma baya da izinin mai ba da hannu, a sake ɗaukowa da ɗan zafi kaɗan. Wani sa'in za a ce a shiga da baya domin a fita da gaba, kuma wanda ya san hannunsa bai nuna a wannan ba, ya faɗa tun da wuri a taimake shi, wannan ya fi masa mutunci a kan ya goge motar mutane. Da an ce ya isa, sai ya ja birkin hannu har ƙarshe, ya bar motar a giya, ya kashe inji, ya naɗe madubai, ya kashe ƙararrawar ɓarayi wadda lilon ruwa kan tayar, ya sa weji gaba da bayan taya guda, ya rufe tukunyar gas in yana ɗauke da ita, ya zare makulli ya sa a aljihun da ke da maɓalli, sa'an nan ya fita ya bar motar. Zama a cikin mota a kan ruwa, ko da an ga direbobin manyan motoci suna yi, ba ɗabi'ar mai hankali ba ce.

A wurin zaman fasinja, abin da za a fara nema shi ne inda rigunan ceto suke, a sa wa yara nasu in akwai daidai su, a zaunar da su nesa da dogarin gefe. Addu'ar hawa sananniya ce ga kowane almajiri, wadda ke cikin Suratu Hud game da jirgin Annabi Nuhu, aminci ya tabbata a gare shi, da wadda ke cikin Suratuz Zukhrufi, kuma mustahabbi ne mai gida ya karanta a bayyane don yara su koya. Sa'an nan a duba ruwa da idon tafakkuri: waɗannan baƙaƙen rassa da ke leƙowa nan da can kawunan itatuwa ne da ba a sare ba sa'ad da ruwa ya taso, suna tsaye a inda suka tsiro fiye da shekara hamsin, kuma waɗanda ba a gani a ƙarƙashi sun fi waɗanda ake gani yawa. Su ne sababin da yawa daga haɗurran da suka ci rayuka a wannan tafki, sa'ad da kwale-kwalen katako mai inji, wanda aka cika da mutane da buhuna da dabbobi fiye da ƙima, ya daki kututture ko iska ta kife shi. Don haka in jirgi ya yi jinkiri, masu kwale-kwale suka zo suna cewa iyali su riga ƙetarewa mota ta biyo baya, ko direba ya je ya dawo, amsar ita ce a'a, da ladabi amma ba tare da ciniki ba. Sauri kan haifi nawa, kuma tawakkalin da shari'a ta yaba shi ne wanda ya biyo bayan ɗaukar sababi.

Game da salla, musafirin wannan hanya ya cika sharaɗin ƙasaru tun da nisa, domin malaman Malikiyya, kamar yadda yake a Risala, sun ƙayyade ta da mil 48, kuma zai ci gaba da ƙasaru matuƙar bai yi niyyar zaman kwana huɗu a wuri guda ba. Amma a lura cewa rangwamen haɗa salloli biyu, bisa mashhurin mazhaba, na tafiyar tudu ne ban da ta ruwa, saboda haka mafi sauƙi a yi salla a gaɓa kafin hawa ko bayan sauka. In larura ta sa lokaci zai fita ana kan ruwa, a yi ta a tsaye ana fuskantar alƙibla, wadda daga nan gabas take da ɗan karkata arewa, a juya in jirgi ya juya, a zauna in ana tsoron faɗuwa. Ruwan tafkin mai tsarki ne, babu saɓani, sai dai gefensa mai ciyayi matattarar dodon koɗin da ke yaɗa tsargiya ce, cutar da ta yawaita a ƙauyukan bakin Volta tun bayan gina madatsar. Don haka a yi alwala da ruwan buta, a kuma hana yara wasa a bakin gaɓa ko da sun ga 'ya'yan masunta suna iyo.

Sauka ta fi hawa sauƙi, da sharaɗin kada a tayar da inji sai ƙofa ta sauka an ba da izini, a cire weji a mayar da shi but, iyali su fita da ƙafa su jira a can gefe guda, nesa da bakin gangare. Bayan an hau tudun Makango a taka birki sau biyu ko uku a hankali don ya bushe, a tsaya a leƙa ƙarƙashin mota ko wani abu yana ɗiga, a bar manyan motoci su yi gaba ƙurarsu ta lafa.

Salaga ba ta kai kilomita 40 daga nan ba. Wanda ya zo da tsammanin ganin birni mai ganuwa da soraye zai tarar da gari madaidaici mai tasha da kasuwa, sai ya tambaya a kai shi ga tsofaffin rijiyoyin da garin ya shahara da yawansu, da wurin tsohuwar kasuwa, ya kuma je Kpembe da ke kusa, mazaunin sarautar yankin, da goronsa na gaisuwa a hannu. Haƙƙi ne a gaya wa yara gaskiya dukanta, cewa kasuwar da ta arzuta fatakenmu da goro ita ce kuma aka sayar da bayin Allah a cikinta, kuma daga rijiyoyin nan akwai waɗanda mutanen garin ke nunawa a matsayin inda ake yi wa bayi wanka kafin a kai su gaban masu saye. A gaya musu kuma cewa garin ya ga malamai, cikinsu har da Alhaji Umaru, haifaffen Kano a 1858, wanda ya zauna a nan kafin ya koma Kete-Krachi ya yi limanci da karantarwa da wallafa cikin Larabci da Hausa har rasuwarsa a 1934. Yini guda da kwana ɗaya sun isa ga wanda ba shi da dangi a garin, ko da yake Bakano ko Bakatsine da ya zauna da dattawan zango ya faɗi unguwarsu, ba abin mamaki ba ne a samo masa dangin.

Daga Salaga zuwa Tamale kimanin kilomita 120 ne, kuma a Tamale akwai duk abin da mota da mai ita ke bukata, bakanike da banki da masauki mai kyau. Mai sauran kwanaki ya yi yamma ta Damongo ya ga tsohon masallacin Larabanga na ginin ƙasa, ya kwana a gandun dajin Mole, mafi girma a Gana, inda giwaye ke saukowa shan ruwa da rani a gaban masauki. Komowa kuwa a yi ta ta Kintampo da Techiman, domin a ƙarshen hutu, sa'ad da guzuri ya yi ƙasa ranar komawa aiki ta matso, ba lokacin jiran jirgi ba ne.

Kafin ka bar Tamale, ɗan'uwa, zauna ka buɗe jakar takardu ka duba ranar da izinin kwastan na motarka zai ƙare da ranar da inshorar za ta ƙare, ka lissafa kwanakin da suka rage maka zuwa Aflao ka ƙara biyu a kai saboda abin da ka iya faruwa. In lissafin bai kai ba, ka je ofishin kwastan ka nemi ƙari tun wa'adin bai cika ba, kuma a ranar fita ka miƙa takardar a iyaka, ka tsaya har a buga maka hatimin shaidar cewa motar ta fita.